Hirar Ɗelu da Ɗan Azumi

Idan ka taɓa sayen soyayyen kifi a bakin tafkin Madarumfa, to ka san Ɗelu ko da ba ka san sunanta ba. Ita ce doguwar nan baƙa mai zama a gindin itacen bedi, mai kaskon da ya fi na kowa faɗi, wadda ba ta kiran ciniki. Sauran mata suna ta "zo nan, zo nan," ita kuwa sai dai ta juya kifin karfasa a cikin mai, ta ɗago ido ta dube ka. Kuma wurinta za ka je. Matar yayana ce, marigayi Idi. Ni ce Dije, ƙanwar mijinta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, kuma tun ranar da aka kawo ta amarya nake tsokanarta, ba na jin zan daina sai ɗayarmu ta riga ɗaya.

A Gabi aka haife ta, gidan manoma gero, irin gidan da maza ke watsewa cin rani Najeriya da zarar an kai amfanin gona rumbu. Mu kuma 'yan Safo ne. Yaya Idi ne ya ƙi noman damina kaɗai, ya dawo Madarumfa ya sayi kwalekwale da taru, ya kuma kama wata 'yar garka ta zogale da tumatir a gefen ruwa. Shi ya kamo, ita ta soya, haka suka yi zamansu. Ban taɓa jin sun yi faɗan da ya tsallaka katanga ba, kuma ku yarda da ni, na sha kasa kunne.

Da ta haifi ɗanta na fari aka sa masa Isma'ila. Da aka yaye shi, innarmu ta ɗauke shi zuwa Safo, kamar yadda aka saba. Lokacin ina budurwa a gida, don haka a bayana ya girma, ni na sha fitsarinsa da kukansa. Daga baya Ɗelu ta haifi Aminatu da Haruna. Waɗannan kam sun ga uwa: ta doke su, ta yi musu waƙa, ta zage su, ta ba su kan kifi a ɓoye. Isma'ila kuwa ko sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba.

Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce, kowa ya santa. Amma ta Ɗelu ta wuce misali, har 'yan Gabi da kansu sun ce ta cika. "Na Safo" take ce masa. Akwai wani masunci mai suna irin nasa da take sayen tarwaɗa a hannunsa shekara da shekaru, sai ta laƙaba masa "Mai hula." Ranar layya in ana ba yara labarin asalin yankan rago, ita sai ta ce "ɗan nan na Annabi Ibrahim." Na taɓa ce mata, ranar da za a tambaye ki sunayen 'ya'yanki a likita sai ki ce biyu gare ki da wani na Safo? Ta ce ai shi ya sa Allah ya ba ta ƙanwar miji mai dogon baki.

Bayan rasuwar innarmu Isma'ila ya dawo gidan ubansa, ya zama saurayi, gemu ya fara tsirowa. Suna gida ɗaya da uwarsa, amma in ya shigo ta ƙofa ita ta sami aiki a bayan ɗaki. Da safe zai durƙusa daga nesa ya ce, "Inna, ina kwana?" Ta amsa da "Lahiya," fuskarta na kallon murhu. Shi ke nan hirar yini. Abincinsa a ajiye a bakin zaure, kuma kullum kifin da ya fi kowanne girma yana ciki, amma in ka tambaye ta sai ta ce hannunta ne ya faɗa kansa. In akwai magana sai a aiko ni. Ni ce wayarsu. Kuma ba zan ɓoye muku ba, saƙo ba ya wucewa ta hannuna ba tare da na ɗan sa masa yaji ba, don wasu saƙonnin nasu lami ne ƙwarai.

Wata shekara ya tafi cin rani Katsina, ya dawo da moto, wato babur, da ya fara kabu-kabun ɗaukar fasinja da shi, da kuma wani tele, wato talabijin, mai ƙaton baya, da kwanon parabol mai kamo tashoshi da aka ɗaure a kan katanga. A lokacin wata tasha daga Najeriya ta fara wani wasan kwaikwayo mai suna Layin 'Yan Tukwane, duk ranar Asabar bayan la'asar. Labarin wata unguwa ce ta magina tukwane. Cikinsu akwai wata tsohuwa, Habiba, da ɗanta Ɗan Azumi, direban babbar mota, mai taurin kai da saurin fushi. Mu dai Tukwane muke ce wa wasan.

Kafin a jima gidan Ɗelu ya zama wurin kallon unguwa. Ran Asabar Ɗelu ba ta kaiwa la'asar a bakin tafki. Za ta kwashe kaskonta, ta dawo ta share tsakar gida, ta yayyafa ruwa, a fito da tele a ɗora kan tebur a gindin katanga. Ita ce a gaba, a kan tabarmarta, dab da gilashin. Mata da yara a bayanta. Isma'ila kuwa can ƙarshe, kusa da zaure, a kan wani tsohon turmi da aka kife. Ba ta taɓa waiwayawa ba. Da an gama wasa kuma, kafin ma a kashe, ta jefa wa telen mayafinsa, wani ƙyalle da ta yi wa ado da zare, wai kada ƙura ta shiga.

Na tuna ranar da abin ya fara. Isma'ila sun sami saɓani da ubansa kan garka, ya yi fushi ya daina cin abincin gida, sai ya ci a tasha. Kwano ya je bakin zaure ya dawo yadda yake. A cikin wasa kuma, ranar nan, Ɗan Azumi ya ture kwanon tuwo ya fita. Sai muka ji Ɗelu ta nuna gilashi da yatsa ta ce, "Kai dai ba ka kyauta ba. In da ubanka kuke hwaɗa, mi tuwo ya yi maka? Wadda ta tuƙa ba ta san zahin wuta ba?"

Kowa ya yi dariya, don ta saba yi wa 'yan wasa faɗa. Sai daga can baya, daga kan turmi, murya ta ce, "Ai Ɗan Azumi bai ƙi tuwo ba. Kunyar shigowa yake ji."

Na dubi Ɗelu ta gefen ido. Wuyanta ya sandare, amma ba ta tashi ba. Can ta ce wa gilashin, "To shi shigo. Gidan ubanai ne." Daren nan kwano ya dawo a sude.

Tun daga ranar, Asabar ta zama ranar hirarsu. Ita ta yi wa Ɗan Azumi magana, shi ya amsa a madadin Ɗan Azumi, ko kuma ya kawo zancen Habiba. Kuma ba ruwansu da abin da ke faruwa a cikin wasan. Ana iya nuna Ɗan Azumi yana canza taya a daji, Ɗelu ta ce, "Yaron ga ya isa aure. Waccan mai koren gyale, ɗiyar mai dawa, tana da hankali." Babu wata mai koren gyale a Tukwane. Nana ce, 'yar unguwarmu, wadda a lokacin tana zaune cikin 'yan kallo ta rufe fuska da gyalen. Ita ce matarsa yanzu, da 'ya'yansu.

Wata rana kuma shi ya fara. "Ya kamata a kai Habiba likita. Gwiwar nan tata ta daɗe."

"Habiba ba ta son allura," in ji Ɗelu.

"Ai ba dole sai allura ba. Akwai na shahwawa."

"To in na shahwawa ne, ta je."

Wata baƙuwa da ta zo biki daga Maraɗi tana zaune kusa da ni, ta ce, "Ni ban ga Habiba tana ɗingishi ba." Mata uku suka haɗa baki suka ce mata ta yi shiru ta yi kallo. Ranar Litinin aka kai Ɗelu likita a amalanken jaki, ni a gefenta, shi yana binmu a baya da moto a hankali kamar ba tare muke ba.

Haka aka yi shekara goma da wani abu. Ta bakin Ɗan Azumi aka raɗa wa jikoki suna, aka sayar da kwalekwale bayan rasuwar Yaya Idi, aka sasanta Isma'ila da Nana sau biyu. Har dariya suna yi tare, ita tana kallon gaba, shi yana kallon ƙeyarta. Ni kuwa aikina na aike ya ragu, kuma na ji haushi da farko, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ga Ɗelu ta canza. Tun daga Alhamis take fara tara abin da za ta faɗa. Wani lokaci in same ta a bakin kasko tana motsa baki ita kaɗai, in ce da wa kike? Ta ce da kifi.

Sai wata Asabar, bara waccan, bayan an cire gero. An share gida, an yayyafa ruwa, kowa ya zauna. Makon da ya wuce an tsaya ne a daidai inda wani ya shiga ya farfasa wa Habiba tukwanen da ta gasa, ba a nuna fuskarsa ba sai ƙafafunsa cikin silifa shuɗi. Duk garin an kwana bakwai ana gardamar ko wane ne. Lokaci ya yi, maimakon kiɗan da muka saba ji, sai wani rubutu ya fito. Nana ta karanta mana: masu shirin suna ba da haƙuri, an dakatar da Layin 'Yan Tukwane, ba za a ci gaba ba, suna godiya ga masu kallo. Daga nan aka sako wani mutum mai tallar maganin basir.

Kai, an yi surutu a Madarumfa! Ɗan Baba mai shayi ya rantse ba zai ƙara kunna tashar nan a rumfarsa ba, kuma ya cika rantsuwarsa har kusan sati biyu. Samari suka dinga aika saƙon murya ta waya, wasu na roƙo, wasu na zagi. Wasu suka ce 'yan wasan ne suka yi faɗa, wasu suka ce mai ɗaukar nauyin shirin ne ya janye, wata ta ce ita ta ji daga majiya mai ƙarfi cewa Habiba ta yi aure mijin ya hana. A rumfar Ɗan Baba har shawara aka yanke a tura mutum Kano ya tambayo ko wane ne mai silifa shuɗi, a huta. Aka rasa mai zuwa, don kowa so yake a tura shi a kuma biya masa mota. Wani maƙwabcinmu da tsautsayi ya sa yake da silifa shuɗi sai da ya daina sa su, saboda yara na binsa suna cewa shi ya fasa.

Gidan Ɗelu kuwa jaje aka dinga zuwa, kamar an yi gobara. Mata su shigo da sallama, su zauna, su ce, "Ɗelu, ya muka ji da wanga abu? Sai haƙuri." Rabi wasa, rabi gaske. Ita kuma ta amsa, "Haƙuri ya zama dole." Har wani ɗan jarida na wani gidan rediyo a Maraɗi ya zo da na'urarsa, an ce masa duk Madarumfa babu mai son Tukwane kamar Ɗelu, ba ta taɓa fashin kallo ba. Ya same ta a bakin tafki ya ce, "Inna, a ganinki wa ya fasa tukwanen?"

Ta ce, "Waɗanne tukwane?"

Na kusa faɗawa cikin kasko don dariya. Matar da ta fi kowa kusa da gilashi ba ta san inda labari ya kwana ba. Ɗan jarida ya daure ya sake tambaya, to me za ta fi kewa? Ta daɗe tana juya kifin da bai buƙaci juyi ba, sannan ta ce, "Yaron nan. Ban gama magana da shi ba." Ya ji daɗin amsar, har ya sa ta a rediyo. Ni kuwa sai na daina dariya.

Garin ya yi ta hayaniyarsa ya gaji. Aka sami wani sabon wasa, aka koma kansa. Ɗelu ta gwada, amma babu uwa da ɗa a cikinsa, 'yan birni ne masu soyayya a cikin mota, ta ce ba ta da abin ce musu. Aka daina fito da tele. Isma'ila, wanda tuni ya yi nasa gida a bayan kasuwa, bai daina zuwa ran Asabar ba. Zai jingina moto, ya durƙusa, "Inna, ina wuni?" Ta ce "Lahiya," tana kallon murhu. Ya ɗan tsaya yana juya makulli a hannu, ya tafi. Aka koma gidan jiya, sai dai yanzu dukansu sun san abin da suka rasa. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Lokacin kokowar ƙasa ya sa aka fito da tele. Ɗelu ta zauna, ta dubi ƙattin nan biyu suna zagaya juna, ta yi ta maza ta ce, "Wancan mai jan wando shi kula da ƙahwatai." Isma'ila ya dubi ƙafarsa, ya dube ni. Bai san ko da shi ake ba. Kafin ya yanke shawara an kayar da mai jan wando.

Sannan ya je wajen masu tura finafinai a kasuwa, aka zuba masa tsofaffin Tukwane a wani ɗan abu kamar ɗan yatsa, ya aro na'urar da ake soka shi. Mata suka cika gida kamar da. Amma kowa ya san abin da za a faɗa, sai suka dinga riga 'yan wasa magana. Kuma rashin sa'a, wanda aka fara sakawa shi ne na makon da Yaya Idi ya kwanta ciwon ajali, ranar da suka yi shawarar kai shi Maraɗi ta bakin Ɗan Azumi. Ɗelu ba ta san labarin wasa ba, amma ta san rigar da Ɗan Azumi ya sa ranar. Tana ganinta ta miƙe ta ce, "Wagga magana mun gama ta." Ta shige ɗaki. Ba a sake gwadawa ba.

Ana nan kabu-kabu ya daina ciyar da gida. Mai ya yi tsada, masu moto sun fi fasinja yawa. Wata rana Isma'ila ya same ni ina tankaɗe ya ce, "Gwaggo, na samu mota. Wani abokina ya yi mani hanya a Agadas, ana kai kaya wajen masu haƙar zinariya. In na tahi sai an ga ni, ƙila shekara, ƙila biyu. Ki gaya ma Inna."

Na ce, "Kai ba ka da baki?"

Ya ce, "Gwaggo, kin san yadda abin yake."

Na sani. Na kuma san hanyar nan ta arewa, ba kowa take maidowa ba. Na je na gaya mata a bakin tafki, ko yaji ban sa ba wannan karon. Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Ta ci gaba da tsame kifi. Sai raina ya ɓaci. Na ce, "Ɗelu, wai ke wace irin mace ce? Ɗanki za shi hamada. Ke ba yarinya ba, gwiwa ta ƙi, ido ya hwara ragewa. In ya tahi ya komo bai iske ki ba hwa? Ko ke ki zauna shi bai komo ba? Ki kira shi ki zaunar da shi ki yi mashi magana! Ko malamai sun ce wagga kunya ba addini ba ce."

Ba ta yi fushi ba. Da ma ta yi, da na fi jin daɗi. Ta ce, "Na sani, Dije. Na gwada. Ran nan da ya durƙusa na ce yau sai na hwaɗi wani abu. Bakin ne ba ya buɗuwa. Tun ina goyonai aka ce kar in dube shi gaban mutane, na bi, har na manta yadda ake yi." Ta share hannu a zane. "Ba saƙo nike so ba. Saƙo ke ma kin iya."

Aka sa tafiya ranar wata Lahadi. Satin nan Ɗelu ta yi masa yajin kifi da ƙuli-ƙuli, ta busar da zogale, ta ɗaure komai ta ba ni in kai. Na kai. Ya ce in yi mata godiya. Na kawo godiya. Ina ta zirga-zirga tsakanin gida biyu ina jin haushin kaina da nasu.

Ranar Asabar, ana gobe tafiya, na ji sharar tsintsiya ta bayan katanga tun kafin la'asar. Na leƙa. Ɗelu ta dawo da wuri, ta share tsakar gida, ta yayyafa ruwa. Nana ta zo kawo yara gaisuwa, sai ta sa ta suka kinkimo tele suka ɗora a kan teburinsa. Na zagayo na shigo na ce, "Yau kuma mai maganin basir za mu kalla?" Ba ta kula ni ba. Ta cire mayafin. Ƙurar watanni ta kwanta a gilashin duk da mayafin, ta jiƙa tsumma ta goge shi tas. Nana ta ɗauki wayar telen za ta soka a wuta.

Ɗelu ta tsaya da tsumma a hannu, tana kallon gilashin. Ta ce, "Bar shi."

"Kar in kunna, Inna?"

"Bar shi haka nan."

Ta shimfiɗa tabarma ta zauna a wurinta. Na zauna a gefenta ina shirin tsokana, sai na dubi abin da take duba. Rana ta karkata, haskenta ya cika tsakar gida, kuma baƙin gilashin nan ya ɗauko komai: ga ni, ga ta, ga igiyar shanya, ga ƙofar zaure can baya da tsohon turmi a kife. Duk shekarun nan ba mu taɓa ganin telen a kashe babu mayafi ba. Na haɗiye tsokanata. Nana, yarinya mai hankali tun tana mai koren gyale, ta tattara 'ya'yanta ta ce za su gaida maƙwabta.

Muka ji tsayuwar moto. Isma'ila ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa ya gaida ta, ta ce "Lahiya." Ya ga tele a waje, a kashe. Ya dube ni, na ɗauke kai. Sannan ya je ya zauna a kan turminsa. A cikin gilashi na ga ya fito sosai, ƙarami, a saman kafaɗar uwarsa.

Sannan Ɗelu ta gyara murya.

"Ɗan Azumi, an ce tahiya za ka yi."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, "Haka ne. Arewa za shi. Mota ya samu."

"An ce hanyar babu ruwa."

"Ana ɗaukar ruwa da yawa. Kuma ba mota guda ke tahiya ba, ayari ake yi."

"Shi riƙa cin abinci. Ya cika wasa da ciki in ranshi ya ɓaci."

"Zai ci."

"In ya ga babu daɗi shi komo. Babu mai yi mashi dariya. Garkar ubanai tana nan, ruwa bai ƙahe ba."

"Zai komo, in Allah ya so." Ya sunkuyar da kai, ya juya makullin moto a hannunsa. "Shina son uwatai ta yahe mashi, in akwai abin da ya yi mata."

"Mi ya yi mata? Bai taɓa yi mata komi ba. Ta yahe duniya da lahira. Allah shi yi mashi albarka, shi kai shi lahiya, shi maido shi lahiya." Sannan ta ƙara da cewa, "Shi ma shi yahe mata. Ba ƙi ba ne."

"Ya sani. Tun shina yaro ya sani. Kihin da ya hi girma kullum a kwanonai yake."

Na ɗauka an gama. Har na fara neman takalmina. Sai na ga Ɗelu ta matsa gaba, ta kai fuskarta dab da gilashin, ta sa bakin zanenta ta sake goge wani wuri, daidai inda fuskarsa take. Ta daɗe tana kallo. Ɗan Azumi na cikin wasa ko gemu ba shi da shi, kullum a aske yake. Isma'ila kuwa gemunsa ya fara fari ta gefe biyu, kowa a garin ya san haka, har Ɗan Baba na tsokanarsa da tsoho.

Ta ce, a hankali, "Ashe ka yi hurhura."

Ya ɗago kai. Ya dubi gilashin shi ma, ba ƙeyarta ba.

"Tun bara, Inna."

Ba ta waiwaya ba, ba ta kuma kau da ido ba. Ta ce, "Jawo turmin nan gaba kaɗan. Ba ni ganinka sosai."

Ya tashi ya jawo. Ni kuwa sai na tuna na bar tukunya a kan murhu, na lallaɓa na fita, ko da yake ranar ko wuta ban hura ba.